Yadda Za Ka Tara Tsoffin Mujallun Zanen Star Wars Da Aka Sake Bugawa Ba Tare Da An Cuce Ka Ba

Tun da na ba da labarin akwatin kawu ake ta maimaita mini tambaya iri ɗaya: a ina ake samun waɗannan mujallu, nawa suke, kuma yaya mutum zai bambance bugun farko da wanda aka sake bugawa? Ga wanda bai ji labarin ba, kawu ya yi karatu a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo da tarin Star Wars Weekly, mujallar mako-mako da Marvel, kamfanin mujallun zane, ta fara fitarwa a can cikin Fabrairun 1978, bango mai launi, ciki baƙi da fari. A cikinsu na fara ganin Darth Vader, mugun labarin, tun ban san akwai fim ɗin ba. Wata damina gara ta shiga akwatin ta ƙasa, ranar da aka buɗe sai ƙasa da guntayen bango. Na daɗe ina jin ciwon abin, kuma shi ya sa da na samu hali na shiga neman su.

Abu guda nake so ka riƙe kafin mu fara. Sake-bugu na karatu ne. Shi zai dawo maka da labarin da zanen da kake kewa a farashin da ba zai taɓa cefanen gida ba, amma fa sai ka san wanda kake saya, kuma ba ka biya masa kuɗin bugun farko ba. Ga yadda nake bi.

1. Tantance abin da kake kewa

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne jerin Marvel na Amurka, wanda ya fara a 1977 ya ƙare a 1986, fitowa 107 da na shekara-shekara guda uku. Fitowa ta 1 zuwa ta 6 labarin fim ɗin farko ne, Roy Thomas ya rubuta, Howard Chaykin ya zana. Daga ta 7 sababbin labarai ne da babu su a kowane fim, ban da fitowa ta 39 zuwa 44. Na biyu shi ne zanen da ke fitowa a jaridun Amurka daga 1979 zuwa 1984, wanda Russ Manning ya fara, daga baya Archie Goodwin da Al Williamson suka karɓa. Na uku shi ne na Ingila, wanda yawancinsa labaran Amurka ne aka yanka gunduwa-gunduwa, da wasu ƴan labarai da a can kaɗai suka fito.

Zauna ka tuna abin da ka gani kana yaro. In akwai launi a ciki, kusan na farkon ne. In gajerun layuka ne masu hoto uku ko huɗu a jere, na jarida ne.

Gargaɗi: Marvel ta sake fara wani jeri mai suna Star Wars daga lamba 1 a 2015, ta kuma sake a 2020. Sunan ɗaya, lambar ɗaya, amma ba su da alaƙa da na da. Duk inda za ka yi bincike, haɗa sunan da 1977.

2. Ɗanɗana kafin ka saya

Kafin ka fitar da dala ko ɗaya a kan takarda, yi rajistar wata guda a manhajar Marvel Unlimited, inda ake karanta mujallun Marvel a waya, kusan dala goma ne. Karanta fitowa ta 1 da ta 2, sannan ta 8, sannan ka tsallaka zuwa 39 har 44. Wannan zai nuna maka yadda jerin yake sauya kama. A ta 1 za ka tarar da Luke, jarumin labarin, yana hira da abokinsa Biggs a garinsu, abin da aka yanke daga fim. A ta 2 Jabba ya bayyana a tsaye da ƙafa biyu, da fuska mai gashin baki, ba ƙaton nan mai jan ciki da aka sani daga 1983 ba. A ta 8 kuwa koren zomo ne mai bindiga, Jaxxon. Wasu wannan ne daɗin abin a wajensu, wasu kuma a nan suke ajiyewa. Fitowa ta 39 zuwa 44 labarin fim na biyu ne da alƙalamin Al Williamson, kuma a ganina duk jerin babu zanen da ya kama ƙafarsa.

Gargaɗi: rajistar tana sabunta kanta duk wata. Ka soke ta da ka gama.

3. Zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kansa

A nan mafi yawan kuɗi ke salwanta, don haka zan ɗan daɗe.

An tattara jerin Marvel an sake buga shi sau da dama. Kamfanin Dark Horse, wanda lasisin ke hannunsa daga 1991 zuwa 2014, ya fitar da shi cikin mujalladi bakwai a 2002 da 2003 da sunan A Long Time Ago, sannan ya sake fitar da shi cikin mujalladi biyar masu kauri tsakanin 2010 da 2012. Waɗannan biyar ɗin sun fi mujallar asali ƙanƙanta, an rage girman shafin, kuma kowanne dala 25 ne a lokacin. Suna da daɗin riƙewa a kwance, amma mai raunin ido zai sha wahalar rubutun. An daina buga su tuntuni, sai dai na hannu.

Da lasisin ya koma Marvel a 2015, ta fitar da manyan kundaye uku masu bangon kwali da sunan The Original Marvel Years Omnibus. Na farko ya ƙunshi fitowa ta 1 zuwa 44, na biyu 45 zuwa 78, na uku 79 zuwa 107 haɗe da labarin fim na uku, wanda dama a jerin kansa na fitowa huɗu aka buga shi. Shafukansu sun fi na asali girma, kuma farashin da ke jikin na farko dala 125 ne. Kowanne yakan kai kilo biyu da rabi ko fiye. Ba littafin da za ka riƙe a hannu ba ne, sai ka ɗora shi a tebur ko a kan matashi.

Sai na tsakiya, Epic Collection na Marvel, mujalladi shida masu bango mai laushi, girman mujallar asali, farashin jikinsu daga dala 40 zuwa sama kaɗan. Na farkon ya ɗauko fitowa ta 1 zuwa 23 da wasu ƙananan labarai. In ka tambaye ni, wannan nake ba mai farawa shawara. Za ka iya saye ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu ya ba da dama, ba shi da nauyin da zai ci kuɗin jigila, kuma in ɗaya ya lalace ba kashi ɗaya cikin uku na tarinka ka rasa ba.

Mai neman zanen jarida kuma, ya nemi mujalladi ukun da kamfanin IDW ya fitar a 2017 da 2018. Sun bar zanen yadda ya fito a jarida. Akwai wani bugu na Dark Horse mai suna Classic Star Wars na 1992 zuwa 1994, wanda aka yanka hotunan aka sake jera su don su cika shafin mujalla, aka kuma sa musu launi. Yana da kyau a ido, amma ba shi ne abin da masu karanta jarida suka gani ba. Labaran Ingila kuwa Marvel ta tattara su a kundi guda a 2017.

Gargaɗi na farko: kada ka gauraya layuka. Mujalladin farko na Dark Horse mai kauri ya tsaya a fitowa ta 27, na Epic ya tsaya a 23, babban kundin Marvel ya kai 44. Wanda ya sayi na ɗaya a nan, na biyu a can, ko dai ya biya kuɗin labari ɗaya sau biyu, ko ya tarar da giɓi a tsakiya.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan ya fi taɓa mai kewa: launi. Mujallun 1977 a takardar jarida aka buga su, mai shan tawada, shi ya sa launinsu ke da sanyi, da ƴan ɗige-ɗige in ka matso da ido. Launin nan in aka zuba shi a farar takarda mai sheƙi sai ya yi kau, ja ya yi ja sosai, kore ya yi shar. Wannan duk sake-bugu na da shi, ido kuma yana sabawa. Wanda ba ya sabuwa shi ne bugun 2015 mai bangon kwali na labarin fim ɗin farko, wanda aka cire tsohon launin gaba ɗaya aka sa na kwamfuta mai inuwa da ƙyalli. In ka ga kalmar "Remastered" a talla, to shi ne. Aiki ne mai tsabta, amma ni da na buɗe shi ban ga abin da na sani ba. In kewar da ce ta kawo ka, ka bar shi.

4. Rubuta jeri da lambar kowane littafi

Samu ƙaramin littafin rubutu ko ka buɗe shafi a waya. Kowane mujalladi ka rubuta sunansa, fitowar da ya ƙunsa, da lambar ISBN, wato lambar nan mai alƙaluma 13 da ke bayan bango, wadda takan fara da 978. Da ita za ka riƙa bincike, ba da suna ba, domin sunayen sun yi kama da juna ƙwarai. Lambar kuma za ta kare ka daga sayen bugun Jamusanci ko Sifaniyanci, waɗanda sau da yawa hoton bangonsu ɗaya ne da na Turanci.

5. Koyi karanta kusurwar bango

Ko da kundi kake tarawa, wata rana zuciya za ta so fitowa ta 1 ita kaɗai, mai bangon nan da Luke ke tsakiya da takobin haske, kan Darth Vader a bayansa an yi masa launin kore. Mujallar ta yi kasuwa sosai a 1977, har aka yi ta maimaita bugunta a shekarar. Ma'ana, wanda ya ce maka "ta 1977 ce" zai iya zama gaskiya ya faɗa, kuma duk da haka ba bugun farko ba ce.

Wurare uku za ka duba. Na ɗaya, kusurwar sama ta hagu, inda farashi da lambar fitowa suke. A bugun farko farashin 30¢ ne, wato senti 30, cikin murabba'i. In ka ga kalmar "Reprint" a gefen wannan kusurwa, magana ta ƙare. In farashin na cikin siffar zi ta jikin karta, wato murabba'in da aka tsayar a kan tsininsa, ka ɗauke shi sake-bugu, irin waɗanda aka riƙa sayarwa uku-uku cikin leda a kantuna. Na biyu, kusurwar ƙasa ta hagu, inda layukan nan baƙaƙe da na'urar kanti ke karantawa suke. Bugun farko na da su. In akwatin fari ne fes babu komai, sake-bugu ne. Na uku, ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko na ciki. Wani bugun bangonsa bai nuna komai ba, a nan kaɗai aka rubuta kalmar.

Akwai tarko na musamman a kan 35¢. Marvel ta gwada ƙarin farashi a wasu ƴan garuruwa, ta buga kwafi kaɗan na fitowa ta 1 zuwa 4 da 35¢. Na fitowa ta 1 ɗin nan, mai farashi cikin murabba'i, da layukan na'ura, babu kalmar "Reprint" ko'ina, dubban daloli ake sayensa. Sai dai sake-bugu da yawa su ma 35¢ ne a jikinsu, kuma ba su kai ko kusa da haka ba. Duk wanda ya tallata maka mai 35¢ da araha yana cewa tsintuwa ce, sake-bugu yake riƙe da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

A ƙarshen 2019 kuma Marvel ta fitar da kwafin fitowa ta 1 sak, har da tsoffin tallace-tallacen da ke ciki, a kan dala huɗu. Ana kiransa Facsimile Edition. Ina son shi ƙwarai, don tallan nan na kayan wasan yara su ma suna cikin abin da mutum ke kewa. Gane shi ba wuya: takardar fara ce, kuma shekarar da ke ƙasan shafin farko ba 1977 ba ce.

Gargaɗi: ni ma an taɓa yi mini. Hoton da mai sayarwa ya sa kyakkyawa ne, sai dai ɗan yatsansa na kan kusurwar sama ta hagu, kamar yana riƙe da mujallar ne kawai. Da ta iso na zare ta daga leda, daidai inda yatsan yake, ga kalmar nan a rubuce. Ninki uku na biya. Tun daga ranar, in ban ga wuraren nan uku a hoto ƙarara ba, ba na ciniki. Ba a cinikin biri a sama.

6. Gano farashin gaskiya

Shafukan intanet da aka fi samun su su ne eBay, AbeBooks, Amazon da MyComicShop. Farashin da mai kaya ya rubuta buri ne. A eBay akwai wurin da za ka latsa ya nuna maka kayan da aka riga aka sayar kaɗai. Duba goma na ƙarshe masu ISBN irin naka, ka ɗauki na tsakiya, shi ne kasuwa.

Littafin da aka daina bugawa yakan ninka farashin jikinsa, musamman mujalladan da ke tsakiyar jeri. Kada ka yi gaggawa. Ajiye binciken yadda shafin zai riƙa turo maka sanarwa, ka jira. Marvel takan sake buga kundayenta lokaci-lokaci, kuma da an sanar da hakan, farashin na hannu ke faɗuwa.

Ka nemi hoton bayan littafin inda aka ɗaure shafuka, da kusurwoyi huɗu, da littafin a buɗe ta tsakiya. In talla ta ce "Ex-library", daga ɗakin karatu ya fito, da hatimi da sitika a jiki. Don karatu ba laifi, amma farashinsa ya kamata ya sauka sosai. Tambayi kuma ko yana warin sigari ko na danshi, don hoto ba ya nuna wari.

Gargaɗi: kada ka yarda a ja ka waje, a ce tura kuɗi kai tsaye za a yi maka ragi. Da ka fita daga shafin ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

7. Lissafa jigila kafin ka biya

Ga mu da ke nesa, kuɗin littafi rabin labari ne. Lissafinka ya zama kashi huɗu: farashin littafin, kai shi adireshi a cikin Amurka ko Ingila, ɗauko shi zuwa gida, da abin da kamfanin jigila zai caza wajen fito da shi. Babban kundi guda kuɗin ɗauko shi kan yi kafaɗa da kuɗin sayensa. Ka tambayi kamfanin ko da nauyin sikeli suke caji ko da girman kwali, don galibi wanda ya fi yawa suke ɗauka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan'uwa ko aboki mai dawowa, ka tura littattafan gidansa su taru. In babu, akwai kamfanonin da ke ba ka adireshi a can su haɗa maka kaya su turo sau ɗaya. Ka ce wa mai sayarwa ya sa littafin a leda, sannan a kwali, ba ambulan ba. Kusurwar kundi mai nauyi ita ke fara lotsewa.

Gargaɗi: kariyar mai saye ta eBay kwana 30 ce, kuma ba ta bin kayan da aka sake turawa daga adireshin farko zuwa wani. Don haka wanda ya karɓa a can ya buɗe ya ɗauko maka hoto tun kayan bai baro ƙasar ba.

8. Buɗe shi a hankali

Ɗauki bidiyo yayin da kake yanka kwalin. Bi shafukan da sauri ka tabbatar babu wanda ya ɓace ko aka ɗaure a juye.

Babban kundi kuwa kada ka wage shi ta tsakiya ranar farko, gam ɗin zai tsage. Tsayar da shi a kan bayansa bisa tebur, kwantar da bangon gaba da na baya, sannan ka riƙa sauke shafuka kamar ashirin daga dama, ashirin daga hagu, kana shafa su a hankali kusa da ɗauri, har ka haɗu a tsakiya. Yi haka sau biyu. Minti biyar ne.

9. Adana shi daga gara, danshi da zafi

Mujalla guda-guda tana bukatar ledar mujallu da kwalin da ake sa mata a baya, wanda babu sinadarin da ke cin takarda. Na 1977 sun ɗan fi na yanzu faɗi, don haka ka sayi girman da ake kira Silver. Ana sayar da su ɗari-ɗari, ka haɗa su cikin jigilar littattafan. Jera mujallun a tsaye. Manyan kundaye kuma kwantar da su ya fi, biyu ko uku a kan juna, domin a tsaye nauyin shafukan kan ja ɗaurin ƙasa.

Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako, kuma kada ta jingina da bango, ka bar tazarar tafin hannu. Kada komai ya taɓa ƙasa. Akwatin kawu a ƙasa yake, jingine da bangon da ruwa ke bugu, kuma an shekara ba a ɗaga shi ba. Da damina ka sa ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa sauya su. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kabad mai ƙofa ya wadatar. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano babu silin bai dace ba, zafin bazara na sassauta gam, hasken taga kuma na kashe launin bango cikin ƴan watanni.

Gargaɗi: ban da salatif a kan yagewa, yakan bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Ban da kai bango a manne shi da roba mai zafi irin ta takardun makaranta. Kafur na korar kyankyasai, amma a kusurwar kabad za ka sa shi, ba a jikin takarda ba. Sannan duk wata ka ciro littattafan ka duba bayansu da ƙarƙashinsu, in ka ga siririn layin jar ƙasa a bango, kwashe komai a ranar.

10. Sayen farko

In aljihun na littafi ɗaya ne, ɗauki mujalladin farko na Epic Collection, ka ƙara da Facsimile na fitowa ta 1 in ka same shi kusa da farashinsa. In na biyu ne, tsallaka ka nemi mujalladin da ke ɗauke da 39 zuwa 44, sannan wanda ke da labaran marubuci David Michelinie da mai zane Walt Simonson na farkon shekarun 1980, daga baya ka cike giɓin. Fitowa ta 107 guda ɗaya tana da tsada don kwafi kaɗan aka buga, kada ka bi ta, tana cikin mujalladin ƙarshe. In yara ko ƙanne suka nemi aro, mai bango mai laushi za ka miƙa musu, a kan tabarma kusa da kai, bayan an wanke hannu daga tuwo.